Ranar da Na Kai Memori Wurin Mai Walda

Ko da haƙorana za su zube in koma shan kunu da cokali, ranar da na kai kayan kwamfuta wurin mai walda ba za ta fita daga kaina ba. Yau nakan ba da labarin ina dariya har da hawaye, amma a lokacin ko murmushi ban iya ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina da shagon buga takardu a Kwanar Dangora, dab da tasha. Na daɗe ina aiki da tafireta, in na zauna bugu sai ka rantse ƙanƙara ce ke sauka a kan kwano. Da zamani ya juya na sayi kwamfuta 'yar Kwatano, mai ƙaton kai, wadda sai an kama maka kafin ka ɗaga. A tsallaken titi kuma akwai taubashina, ɗan kawuna, wanda ni na nuna masa inda kowane harafi yake. Shi ma ya sayo tasa a inda na sayo tawa. Tsofaffi ne duka biyun. In na kunna tawa da safe, sai in je in sha shayi, in gaisa da direbobi, in raba faɗa, in dawo in tarar tana miƙa. Tasa ma haka take, saboda haka raina a kwance yake. Wahalar da kuka raba da ɗan'uwa ai ba ta da nauyi.

Babban abokin cinikina wani hedimasta ne daga can wajen Doguwa. Kowane zango yakan kawo mini tambayoyin jarrabawa in buga masa, kuma dole ya kama motar ƙarshe, don hanyarsu ba a wasa da ita. Shi ne abin alfaharina. In ya sauko daga mota da jakarsa ya nufo shagona, nakan gyara zama yadda taubashin nawa na tsallaken titi zai gani da kyau.

Sai ga shi kwatsam kwamfutar taubashina ta yi ƙuruciya. Mutum zai shiga shagonsa, kafin in gama sosa kunne ya fito da takarda a hannu. 'Yan Kiru da 'yan Bebeji da suka saba zama a bencina suka fara tsallake titi ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi ne ya tsegunta mini cewa an ƙara wa tasa memori, wani ɗan siririn allo kore mai haƙora kamar matsefi, wanda ake soka mata a ciki ta ƙara sauri.

Da yamma taubashin ya leƙo yana wangale baki. "Bawana, tsohuwar taka ta farka kuwa, ko a kawo mata turaren hanci?"

Na ce, "Tawa mai natsuwa ce. Sai ta yi tunani take magana, ba irin ta wasu ba."

Ya tsaya jim kamar mai jiran wata magana, sannan ya wuce. Tambayar tana bakina, amma na haɗiye ta. Ni in tambayi wanda na koya wa riƙe takarda? 

Zuwan hedimasta na gaba, tsohuwata ta ci mini mutunci. Ana tsakar aiki ta sandare, ta ƙi gaba ta ƙi baya, har motar ƙarshe ta tashi yana kallo. Dattijo ne mai kunya, bai yi faɗa ba. Ya dubi tsallaken titi, ya dube ni, ya ce, "Malam, zan dawo da sauran ranar kasuwa mai zuwa. In ta sake yi mana haka, kada ka ga laifina."

Washegari da sassafe na hau motar Kano. Na shiga shagon masu kayan kwamfuta ina hura hanci, na ce a fito mini da memori. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, wace iri ce kwamfutar taka? Da ka zo da ita, ko ka ciro na ciki mu gani."

Na ce, "Kai dai baje su."

Ya baje. Akwai gajeru, akwai dogaye. Na tambaye shi wanne ne ya fi ƙarfi, ya nuna wani dogo, ya ce amma na sababbin kwamfutoci ne, ba zai zauna a tsohuwa ba. Ni kuwa kunnena bai ji komai ba sai "ya fi ƙarfi". Na zaɓe shi kamar mai zaɓen rake. A mota ina ta shafa aljihu, ina hango taubashina zaune shi kaɗai yana korar ƙuda.

Da na dawo shago na kwance bayan akwatin kwamfutar, sai na ga gurbin gajere ne, abin da na sayo ya ɗara shi da kusan gaɓar yatsa biyu. Mai hankali da nan zai tsaya. Amma ni ɗan manoma ne, kuma a wurinmu ba a mayar da abu don ya yi yawa. Ƙotar fartanya in ta yi kauri fere ta ake yi, ƙyaure in ya ƙi rufuwa a rage shi. Na kai wa mai gyaran rediyo, ya jujjuya shi ya ce shi kam ba ruwansa. Na wuce wurin mai walda.

Ya ce, "Oga, wannan fa bai yi kama da abin da ake yankawa ba."

Na ce, "Kai ka san ƙarfe, ni na san kwamfuta. Yanka daga nan."

Ya ɗaure shi a ƙarfensa na matse kaya, ya ja zarto, har da goge bakin da magagari don ya yi kyau. Na dawo na danna shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na ji wani abu ya yi ƙas, na ce to, ya zauna.

Ban kunna ba sai ranar kasuwa, don ina so a yi abin a gaban shaidu. Hedimasta ya iso, na buɗe ƙofar shago gaba ɗaya, na ta da janareto, na ce, "Ranka ya daɗe, riƙe hularka." Na danna. Tsohuwa ta yi wani kuka siriri sau uku, wani ƙauri ya tashi kamar ana babbaka kan akuya, allon ya tsaya baƙi ƙirin. Na sake dannawa. Shiru.

Jarrabawar yara saura kwana biyu. Babu yadda zan yi, na ɗauki jakar hedimasta da hannuna, na tsallaka da shi titi. A rayuwata ban taɓa ganin titi mai faɗin wannan ba.

Taubashina ya karɓi aikin, ya gama tun kafin la'asar. Da hedimasta ya tafi, ya zo ya leƙa cikin akwatin kwamfutata, ya zaro guntun memorin, ya ga sawun zarto. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Bawana, kaciya ka yi masa?"

Da ya share hawaye ya ce, "Wanda ya gyara mini tawa fa duk ranar kasuwa yana zuwa daga Tudun Wada, a bencin mai shayin ƙofarka yake zama. Na gaya masa akwai ta ɗan'uwana, ya zo da guda ya ajiye maka. Sati uku ina leƙowa ko za ka tambaya, kai kuma sai baƙar magana."

Mai gyaran na Tudun Wada ya duba tsohuwata ya ce uwar allon da ke cikinta, wadda ake soka wa memori, ta ƙone, sai dai haƙuri. Na kakkaɓe tafiretata na koma ruwan ƙanƙara har tsawon shekara. Hedimasta kuwa, duk zuwansa yakan tsaya mu gaisa cikin mutunci, ya tambayi iyali, sannan ya tsallaka.

Tun daga lokacin, in na ga wani ya fi ni a wani abu, kuma na ji cikina ya fara zafi, ba na bari zafin ya kwana. Takalmina nake sawa in je in ce masa, "Wai yaya ka yi?" Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce. Hassada kuwa ni na san inda take kai mutum, wurin mai walda take kai shi.