Ba Uwarta Take Kira Ba

Ƙanena da ke aiki a Japan ya zo garinmu Tawa da matarsa 'yar Japan da 'yarsu mai shekara huɗu, wadda ba ta jin ko "zo" da Hausa. Tun da aka sa ranar zuwansu yayanmu ya duƙufa kan Japananci a waya, ya cika mana gida da gaisuwar manya da sunkuye-sunkuye. Na roƙe shi ya nemo mini abin da yaro ke faɗa: ruwa, yunwa, fitsari, ciwo. Dariya ya yi mini.

"Wanga ai yaren goyo na," in ji shi. "Ke dai koyi gaisuwa, kada ki ba mu kunya."

Na koya kuwa. Na sunkuya wa surukata har bayana ya yi ƙara.

Da iyayen suka tafi gaida dangi can gaba da Barmu, inda waya ba ta shiga, suka bar mini yarinyar. Washegari da hantsi ta fara kuka, tana cewa "itai, itai." Inna ta ɗauke ta tana jijjigawa.

"Kun jiya? Ita taka kira. Uwatta taka so."

Muka dubi malaminmu na Japananci. Ya gyara hula ya ce haka ne, kewa ce kawai. Bai sani ba, kuma girman kai ya hana shi cewa bai sani ba. Wannan ne har gobe ban yafe masa ba. Na saya mata alewa, na goya ta, na nuna mata hoton uwarta, tana ture hannuna tana kwantar da kai a kafaɗata. Jikinta ya yi ɗumi, muka ce zafin garinmu ne bai karɓe ta ba.

Sai da na ga ruwa mai wari a kan matashinta na tare kabu-kabu muka yi asibiti. Likita ya leƙa kunnen, ya tambaye ni tun yaushe take kukan ciwo. Na ce ba ta ce ciwo ba.

Ashe ta ce. Uwarta ce ta gaya mana da suka dawo, ƙanena yana fassarawa: itai, ciwo ke nan. Yarinya ta yini ta kwana ta sake yini tana gaya wa gwaggonta da kakarta ciwo take ji, mu muna yi mata waƙa. Yayanmu ya soma wani dogon ban-haƙuri da Japanancinsa, na ce ya rufe mana baki, gaban Inna, gaban baƙuwa, ban ji kunyar kowa ba.

Yanzu ta shiga makaranta a can. In muka yi kiran bidiyo nakan kira sunanta, sai ta juyo da kunnen dama wajen wayar, don na hagun bai ƙara ji sosai ba.