Alkakin Jamus a Garar Ƙanwata

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta ranar da muka kai garar ƙanwata Ƙofar Na'isa ba.

Yayanmu ne ya jawo mana. Kwas ya je Jamus, ko shekara bai rufa ba, amma ya dawo yana yatsina fuska in ya ga gurasa. Da aka fara haɗa gara, ya ce shi ma yana da gudummawa: wani burodi wai shi firezal, naɗaɗɗe kamar alkaki. A zaure ya tara abokansa yana ba su tarihi, wai malaman coci ne suka fara naɗa shi a siffar hannuwan mai addu'a, kuma sai an tsoma shi a ruwa mai kama da na kanwa, a barbaɗa masa gishiri, sannan a gasa. Duk unguwarmu ta Shahuci ta ji wannan lacca, ban da matan cikin gida da za su shirya kayan.

Ranar kai gara ya gaso abinsa a tanderun wata mai gurasa, ya aiko da shi a daro, ya wuce aski.

Gwaggonmu ita ce gwanar alkaki a dangi, kuma tun da take ba ta taɓa tambayar kowa komai ba. Ta ɗaga ɗaya ta jujjuya.

"Wace malalaciya ce ta yi alkaki ta bar shi ba zuma?" in ji ta.

Gishirin ma ta ɗauka sukari ne. Ta tsoma su a zuma suka sha har suka ƙoshi, ta jera su a saman nata, don sun fi cika ido.

A gidan ango aka buɗe nakiya da dubulan, ana ta sa albarka. Kakar ango ta miƙa hannu ta ɗauki alkakin da ke sama. Ta gatsa, ta ɗan tauna, ta juya ta tofar a gefen tabarma. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kallon tausayi ta yi mana.

"Allah sarki. Ashe gidanku babu sauran tsohuwa? Ai da kun faɗa, da mun aiko an yi muku."

Gwaggo tana zaune a gefena, ina jin numfashinta. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka dawo, Yaya ya ce an wulaƙanta tarihi, Gwaggo ta ce an wulaƙanta zumarta. Babu wanda ya tuna da amarya, alhali ita aka bari a can. Yanzu 'ya'yanta sun girma, amma har yau in cikin wani ya ɓaci a gidan, sai dangin miji su ce a roƙo musu alkakin gidan su amarya, tunda da kanwa ake yi. A gabansu dariya take yi. Ɗakina take zuwa ta yi kukan.

Abin da na koya shi ne, in za ka shigo da baƙon abu gida, ka yi wa masu aikin bayani, ba masu tafa maka a zaure ba. In ba haka ba, kai ka yi burga, wani ya zauna da kunyar.