Direban da Ke Son Wuta Ta Ja Shi

Direban nan ne ya taɓa rage wa Goggo Fatsuma hanya daga Samaru, ranar da ruwa ya tsare ta bayan ta fita takaba. Ko sunanta bai tambaya ba.

Yau ga shi a bakin titin Palladan, tsohuwar akori-kurarsa ta mace ɗauke da kwandunan tumatirin Bomo, rana tana dafa su. Dogo ne mai furfura a saje, da ɗan gicciyen Kiristoci rataye a wuya. Yana riƙe da wayar fulogi mai kai wa injin wuta, yatsa a kan bakinta, ido a runtse.

"Malam Uba, murɗa makulli!"

Malam Uba, mai tumatirin, ya murɗa. Motar ta yi tari, ta yi shiru.

"Kash, ba ta ja ni ba! Babu wuta, ba za ta tashi ba."

Goggo ta rasa gane kansa. Mutum ya tsira lafiya, kuma yana baƙin ciki? Ko a gida akwai masu jiran wannan lodin ne?

Da ya hango ta sai ya rusuna. "Goggo, ga carbi a hannunki. Don Allah ki roƙa mini wutar nan ta ja ni, ko sau ɗaya."