Yadda Ciyawa Ta Cinye Gonar Ba-Komai

Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, ita ma katangar ta zube ta wajen akurkin kajinta, don haka in ta yi tari ina ji, in na yi gulmarta tana ji. Ni na laƙaba mata Ba-Komai, sunan kuwa ya bi ta har jikokinta ba su san na gaskiyar ba. Ka taka mata ƙafa, ba komai. Akuyarka ta cinye mata shanya, ba komai. Ranar da mijinta ya rasu na shiga gaisuwa da hawayena na aro, na tarar ita ce ke rarrashin masu kuka, tana tambayar wa bai samu tabarma ba.

Gajeruwa ce, busasshiya, fason ƙafarta kuwa ko gyaɗa ka jefa ciki sai ta tsiro. Gonarta tana gangaren rafi, in ka tsaya a bakin famfon gari kana hango ta. Masara da wake take shukawa, da su ta raini 'ya'ya uku. Babbansu direban babbar mota ne, in ya biyo titinmu sai ya danna hon mai tsawo ya wuce, ya gaida uwarsa ke nan. Macen tana aure can nesa, tana turo jikoki lokacin hutu su cinye ƙwan gidan su koma. Autan yana gyaran waya a birni, wayar uwarsa kuwa da roba aka ɗaure bayanta.

Ban da noma, akwai aikin da ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa biyan ta. Ita ke raka mai naƙuda ɗakin shan magani, ita ke tuna wa mata ranar rigakafi, ita ke kankare simintin famfo. Babban cikinsu shi ne kira. In ciwo ya kwantar da wani ciyawa ta kama gonarsa, ko iska ta yaye rufin wata tsohuwa, sai ta bi gida-gida. Ba ta faɗa, ba ta roƙo, tsayawa kawai take a bakin ƙofa tana yi maka murmushi har kunya ta sa ka ɗauko fartanya. Mu mutanen kirki ne, Allah ya sani, amma kirkinmu barci yake yi, sai an zo an tashe shi.

Gonar dai ta gidan su mijinta ce. Ƙanensa, wanda muke ce wa Mai Shanu saboda bijiman huɗarsa da ya fi so a kan iyalinsa, ya daɗe yana lashe baki a kanta. A gaban mutane ya taɓa ce mata, "Matar Yaya, na bar miki ne don kina nomawa. Daminar da na ga ciyawa ta fi masara tsayi, shanuna za su shiga." Ta ce ta ji.

Bana, masara ta fara kai ƙauri, tana kankare gansakuka a bakin famfo santsi ya kwashe ta. Ƙugu ya goce. Mai ɗori ya ɗaure ta kamar dami, ya ce kada ta kuskura ta taka.

Na leƙa ta ɓarakar katanga na ce, "Maƙwabciya, yau dai akwai komai."

Ta yi dariya, dariyar ta taɓo ƙugun, ta ƙare da salati.

'Yan dubiya sun zo, ba ƙarya. Kowa ya zauna sai ya sauke mata nasa kayan. Matar tela ta ce, "Sannu Yaya. Yaushe za ki tashi ne? Famfon nan ya koma kamar juji." Wata ta kawo jaririnta a duba mata cibiya. Direba ya bugo waya ya ce, "Inna, ai dama na sha gaya miki ki huta." 'Yar ta ce, "Kada ki damu da gona, ke da duk garin naki ne." Auta ba a same shi ba, wayarsa a kashe.

Ruwa yana ta sauka, ciyawa tana ta murna. Na tare shugaban kwamitin gari a bakin shago, wanda ba ya amsawa sai an ce Ciyaman, na ce masa gonar baiwar Allahn nan fa ta kusa zama kiwo. Ya gyara hula ya ce, "Gaskiya ne. In an yi kira za mu fito." Na ce wa zai yi kiran? Ya ce, "Ai akwai mai yi." Haka kowa ya zauna da fartanyarsa a bayan ƙofa, yana jiran macen da ke kwance ta zo ta kira shi gonarta.

Sai ga Mai Shanu ya zo dubiya hannu biyu a aljihu. Daga bakin ƙofa ya ce, "Matar Yaya, ya jiki? Na biyo ta gonar, na nemi masara na rasa. In kasuwa ta sake ci ban ga an nome ba, kada ki ce na yi miki ba-zata."

Ana gobe kasuwa ta ce in ara mata ƙotar fartanya. Ta dogara ta miƙe, gumi na tsiyaya kamar an matse tsumma. Na bi ta, don in riƙe ta, kuma don kada labari ya wuce ni.

Gidan tela muka fara. Ta tsaya a bakin ƙofa da murmushin nan nata, ta ce, "Gobe in Allah ya kai mu a fito da fartanya."

Tela ya ce, "Madalla, kin tashi! Ina za a?"

Ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙotar. Ta ce, "Bakin famfo. Ciyawa ta rufe hanya, kada maciji ya sari yara."

Na mintsine ta har sai da farcena ya yi zafi. Da muka fito na ce, "Ƙugun ne ya goce ko kan?" Ta ce gida na gaba za ta faɗa. Gida na gaba ta ƙara da hanyar ɗakin shan magani. A gidan Ciyaman na kasa haƙuri, na ce, "Gonarta take nufi! Gobe Mai Shanu zai ƙwace!"

Matansa da 'ya'yansa suka kwashe da dariya. Ciyaman ya ce, "Ke dai ba kya rabuwa da tsiya. Hajiya, haka ne?"

Ta ce, "Ku rabu da ita. A fara da famfon dai."

A hanyar komawa ta zauna a kan wani kututture tana haki. Ta ce, "Na wani nake iya faɗa. Nawa in ya zo nan sai ya tsaya." Ta nuna maƙogwaronta. Ban samu abin tsokana ba, sai na ce ta tashi kafin tururuwa su ɗauke ta.

Washegari gari ya fito kaf, har da masu ciwon bayan da ba ya tashi sai ranar aiki. Aka nome bakin famfo, aka share hanya, aka kankare siminti yana ƙyalli. Ita tana zaune a kan bokiti tana nuna inda aka tsallake. Hantsi na dubawa sai wani ya ce, ku dubi gangare. Bijiman Mai Shanu ne a cikin gonar, garma tana kifar da ciyawa da masara gaba ɗaya. Mutane suka jingina da fartanyu suna kallo. Tela ya ce, "Kai, mutumin nan ya iya miƙe kunya." Wata ta ce ai da an faɗa da an je. Ba wanda ya motsa.

Da rana ta take sai ga Mai Shanu ya koro shanun su sha ruwa. Ya dubi simintin ya ce, "Matar Yaya, aikinki na kyau. Da can shanuna ba sa yarda su sha a nan."

Ƙotar kawai take murzawa a tafin hannu.

Ciyaman ya yi gyaran murya, ya yi mata godiya a madadin gari, aka tafa. Sannan ya ce tunda yanzu Allah ya sauke mata nauyin gona, ga lokaci ta samu, kwamiti na ganin a haɗa mata da sharar ɗakin shan magani, in ƙugun ya yi sauƙi. Aka sake tafawa.

Ta daɗe tana kallon gangare. Sannan ta juyo ta tambaye shi ko akwai tsintsiya a can, ko ta zo da tata.