Gurbin Bappa Buba a Shafin Mushe Lawali

Ni ne Babban Direkta mai kula da dukan shafukan intanet na ƙasar nan, daga burona, wato ofishina, da ke hawa na bakwai a Yamai. Kowa ya karanta har ƙarshe. Umarni ne.

Labarin ya iske ni da safiyar nan. Mushe Lawali na Gidan Rumji ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan sallar asuba ya ce ma iyalinsa kansa na sara, ya kishingiɗa bisa tabarma, bai tashi ba. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. An kai shi, nake nufi. Ni ina Yamai.

Ga wanda bai san shi ba, malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mishi Mushe. Da ya aje alli, ya ce shi ba zai zauna gindin bedi yana ƙirga motocin da ke wucewa Maraɗi ba. Ƙungiyar manoma ta ba shi ɗaki guda jikin magazar da ake aje hatsi. Ya sa tebur, da tsohuwar ordinatar, kwamfuta ke nan, mai tari kafin ta tashi, da mikoro da ya ɗaure da robar taya. A nan ya gina shafin bidiyon manoma, wanda da sunansa nake rubuto muku yanzu.

Akwai yadda ake barin tohon itace a gona lokacin sassabe, wannan har garin Gangara ya tafi ɗauko shi. Akwai yadda ake adana wake ƙwari ba su ci ba. Akwai yadda ake gane akuya mai ciwon huhu tun ba ta kwanta ba.

Da Faransanci anka fara. Shi ya zauna ya sa musu Hausa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya ce da saura. Wai ya tsaya a kasuwar Cadakori ya saurara, ya ji ana ciniki da harshe huɗu ko biyar, to don me shafinsa zai fi kasuwa girman kai?

Ya samo Majo Hamani na gidan likita ya yi Zabarmanci, suna aiki suna tsiyar Bagobiri da Bazabarme, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Tanti Raisha ungozoma ta yi Buzanci. Fillanci kuwa Bappa Buba ne, dattijon rugar da ke arewa da gari, mutumin da ko tari zai yi sai ya kau da kai. Wata uku Mushe na zarya kafin ya yarda ya zauna gaban mikoro.

A rahoton da ke gabana akwai sunan wani ɗan kabu-kabu, Idi, ana ce mishi Aku. Ba muryar da ba ya kwaikwaya. Ya taɓa tarwatsa majalisar 'yan karta da muryar uban ɗaya daga cikinsu. Ya taɓa kiran shugaban 'yan kabu-kabu da muryar jandarma, gari duka ya wuni neman hular kwano. Allo kaɗai ya yi, lakol ko ƙofarta bai taka ba.

Shi Mushe ya zaɓa ya riƙa ɗaukarsa kullum safe. Mutane sunka ce ya rasa wanda zai ɗauka sai wannan. Ya ce mai kunne irin wannan ba a bar shi ga 'yan karta.

A bayan moto ya koya mishi boko. Duk allon shagon da sunka wuce sai ya taɓa mishi kafaɗa, karanta. In ya yi kuskure ba dariya, sai dai a juyo a sake wucewa. Akwai wani shagon ɗinki da sunka wuce sau biyar a safiya guda, har tela ya fito ya tambaya ko lafiya.

Ƙosan safe kullum biyu yake raba shi.

Gari duka na cewa Aku, shi kaɗai ke cewa Malam Idirisa. Wai wanda ya kai izu talatin ba a kiransa da sunan tsuntsu.

Ranar da anka gama sa harsunan, Mushe ya jera sunayensu a saman shafi da boko, ya miƙa ma Aku waya yana murna, ya ce zaɓi naka. Aku ya duba ya ce, Mushe, wanda zai iya karanta wannan jerin ai Faransancin ma ya ishe shi. Innata a gida me za ta latsa?

Mushe ya ture shayinsa gefe, ya koma kan aikin. Anka yi shawarar tuta, ya ce duk tutarmu guda. Anka yi shawarar saniya ga Fillanci, raƙumi ga Buzanci, ya ce mutane yake kira ba dabbobinsu ba.

Daga ƙarshe fuska ya sa. Kowane harshe da 'yar da'ira, cikinta hoton mai maganar. Ka latsa fuskar Majo ya gaishe ka da Zabarmanci, bidiyoyin duka su koma Zabarmanci. Ka latsa ta Bappa ya ce maka jam waali. Tsofaffin mata sun riƙa amsa gaisuwar kafin su kalla.

Ya gaya ma kowa shawarar Malam Idirisa ce. Har yau in na tuna... in Aku ya tuna, sai kunya ta kama shi.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan dogon rubutu.

Akwai bidiyo guda da Mushe ya fi damuwa da shi, na burtali. Yana nuna hanyar shanu daga tushe, inda duwatsun iyaka suke, inda rijiyoyi suke, da wanda za a je wurinsa in dabba ta shiga gona kafin a saki gonaki, mai gari da arɗo tare, ba sanda ba. Bara an yi rikici a wata gona, an fasa kan mutum biyu. Manoma sun kalli bidiyon da Hausa. Na Fillanci ya rage.

Ranar da za a ɗauka, Mushe ya fita ta'aziyya, Bappa kuma bai samu zuwa ba. Aku ya samu ɗaki shi kaɗai da mikoro. Fillancinsa bai wuce gaisuwa da kiran saniya ba. Ya kunna, ya ɗauki muryar Bappa sak, har da 'yar gyaran muryar nan tasa, ya yi ta zuba surutun banza minti shida, yana kiran shanu, yana kukan maraƙi, yana cusa sunan fura da nono a tsakiya.

Da Mushe ya dawo ya ce mishi, Bappa ya zo bayan fitarka, ya gama.

Niyyarsa su yi dariya da la'asar ya goge. Sai ya samu fasinja zuwa Cadakori, ya mance. Mushe bai jin Fillanci. Ya saurari farkon, ya ji muryar abokinsa, ya ɗora ƙarƙashin fuskar Bappa. Washegari kasuwa ce, masu tura bidiyo a katin waya sunka kwafe. Kafin a sauke shi daga shafi ya gama rugage.

Dattijo mai surukai da jikoki, ga fuskarsa, ga muryarsa tana kukan maraƙi.

Bappa ya zo bayan kwana uku. Bai ɗaga murya ba. Ya gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, gajiya, ruwa. Ya aje wayar da Mushe ya ba shi bisa tebur, ya ce a cire hotonsa. Sa'an nan ya yi tambaya guda, wa ya yi?

Aku na tsaye a bakin ƙofa yana goge moto da ba ta da datti.

Mushe ya ce, "Ni na ɗora, Bappa. Laifina ne."

Bappa ya ce ba wanda ya ɗora ya tambaya ba. Mushe ya maimaita maganarsa. Bappa ya sa takalminsa ya tafi, yana ganin wanda ya ɓoye mai laifi da saninsa anka yi. Samarin ruga a lokacin sun yi zafi, Aku kuwa kullum shi kaɗai yake ratsa daji da moto. Mushe ya san haka. Ya zaɓi a zarge shi.

Tun ranar ba Bafillacen da ya yarda ya zauna gaban mikoron nan. Ku buɗe shafin ku gani. Fuska huɗu, sai da'ira guda fara fat. Mushe ya ƙi goge ta. Sau biyu yana zuwa ruga da goro, ana karɓarsa da mutunci, ana shimfiɗa mishi tabarma, ana sallamarsa ba a taɓa maganar ba.

Wata takwas ke nan.

Jiya, bayan sun sauka a magaza, Mushe ya ba Aku wata 'yar takarda. Kalmar sirrin shiga shafin ce, ya rubuta mishi haruffan manya manya, ya bi kowane da ajami a ƙasa don kada ya ruɗe. Ya ce idonsa ya fara gajiya, gara wani ya sani. Ya ce gero ya nuna, nan da 'yan makonni shanu za su gangaro daga arewa.

Sa'an nan ya ce, "Malam Idirisa, ban tona ka ba, kuma ba ni tona ka. Amma na kai haƙuri sau biyu an maido mini, don ba nawa ba ne. In gefe guda kaɗai ya san dokar burtali, ba sulhu munka yi ba, sanda munka ƙara mishi."

Aku ya amsa da muryar Majo Hamani, ya ce sai bayan girbi, ranka ya daɗe. Mushe ya yi murmushi kaɗan. Bai yi dariya ba.

Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

To, ya isa haka.

Ba ni da buro. Ban taɓa hawa bene mai hawa bakwai ba, Yamai ma sau ɗaya na je, ban wuce tasha ba. Ba wani Babban Direkta. Na faɗi haka ne don na san ku, in kunka ga sunana a sama za ku ce Aku ya fara, ku wuce, wasu ma su ce mutuwar ƙarya ce.

Labarin bai iske ni a Yamai ba. A ƙofar gidansa ya iske ni, ina bisa moto, ina danna oda, ina kira da muryar sufeton lakol, wai Mushe Lawali ka makara aji. Babban ɗansa ya fito ba hula ya riƙe mini hannu.

Muryar Bappa da ke bidiyon burtali, ni na yi ta. Mushe bai sani ba lokacin da ya ɗora, bai sa ni ba, bai ji ko kalma guda a ciki ba. Duk wanda ya ci naman bawan Allah nan a kan wannan magana, yau ya san inda zai maida ita.

A wurin jana'iza na ga Bappa Buba a sahun baya, ya rufe rabin fuska da rawani. Da ƙafa ya zo. Ya tsaya har anka gama rufewa, ya zuba ƙasa da hannunsa. Na tako wajensa taku uku, ƙafata ta ƙi. Na tsaya ina kallo har ya ɓace a hanyar arewa.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan asuba, zan tafi ruga. Na gaya ma baba, ya ce zai raka ni, kuma ba bisa moto ba, tun da Bappa da ƙafa ya zo. In samari sun tare ni, sun tare ni. In Bappa ya sallame ni ba magana, jibi in koma. Mushe ya yi wata uku yana zarya a kan abin da bai ɓata ba.

Ba zan sa wani hoto a gurbin nan ba, ba zan goge shi ba. In Bappa ya yafe amma ya ce shi da mikoro har abada, haƙƙinsa ne, sai in roƙe shi ya nuna wanda ya yarda da shi. Amma bidiyon burtali zai yi magana da Fillanci na gaskiya kafin a saki gonaki. Majo Hamani ya ce zai koya mini haɗa murya da hoto. Tanti Raisha ta ce in na sake taɓa mikoro da wasa ita za ta yi maganina.

Roƙo guda gare ku. Masu zuwa ruga sayen nono, da masu 'yan uwa can, kada kowa ya karanta ma Bappa wannan. Kada ku riga ni. Da bakina zai ji, da muryata ta ainihi, wadda ni kaina sai na lalubo ta.

Allah ka jiƙan Mushe Lawali. Ka yalwata mishi kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya rufa mini asiri wata takwas yana shan zargi, ka rufa mishi nasa ranar da ba mai rufawa sai kai. Duk gonar da ta tsira, duk kan da bai fashe ba saboda aikinsa, ka kai ladan gare shi. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ka sanyaya zuciyar Bappa Buba.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi mishi Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Masu Zabarmanci, masu Buzanci, masu Fillanci, kowa ya roƙa mishi da harshen da ya sha a nono, haka zai fi so. In addu'a ta rage, ku sa ni ciki, ƙafata kada ta ƙi gobe.

Kuskuren rubutu da kunka gani nawa ne, mai juyo da ni in sake karantawa ya tafi.

Ni ne Idi Aku, ɗan kabu-kabun bakin magaza.

Shi yana ce mini Malam Idirisa.