Murhun Totuwa

Babban ɗana mai walda ne a nan Birnin Gwari. Da shiga daji neman itace ya zama abin tsoro, sai ya ƙera wani murhu mai cin totuwar masara, da 'yar ƙofar iska a gindi mai rage hayaƙi. Aka ba shi shawara ya yi wa dabarar rajista a Abuja, ya yi. Da karatuna na yaƙi da jahilci na karanta sunansa a jikin takardar.

Ana nan sai ƙanwata ta zo daga Kuyello tana ta yabon sabon murhunta. Ashe ba aikin ɗana ba ne. Wani magidanci da ya koyi walda a hannunsa ne yake ƙera irinsa a can, da shi yake ciyar da iyalinsa. Ɗana ya rantse sai ya rufe masa shago.

Ranar da lauyan da ya ɗauka ya zo gida, na kai musu kunu na zauna daga gefe. So nake in ji yadda ake shari'ar satar abin da har yanzu yana hannun mai shi.

Lauyan ya ce alƙali na iya hana mutum ƙerawa, ko ya sa shi biyan diyya, ko a kwashe duk waɗanda ya ƙera a lalata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da me yake gane wanda ya dace?"

"Yakan duba asarar mai abu, Mama, da ribar da wancan ya ci. Yakan kuma tambaya ko an taɓa ba shi izini."

Sai ranar yayen mutumin ta faɗo mini. Ni na dafa shinkafar walimar. A gaban malamai ɗana ya dafa kan mutumin ya ce, "Duk abin da ka koya a hannuna na halatta maka." Na faɗa wa lauya, na ce, "To wannan izini ne ko addu'a?"

Ya ajiye ludayi, ya ce lallai alƙali ma zai so ya ji wannan.

Ɗana ya ce, "Inna, wai ke lauyar wa ce?"

"Ni dai shinkafa na dafa. Kai ne ka ce ka halatta masa."



Ba a je kotu ba. Shagon Kuyello yana nan a buɗe, kowane murhu na fitowa da tambarin ɗana, ana aiko masa da kasonsa. Ni kuwa har yau ina son sanin abin da alƙalin zai ce.