Ranar da Mai Agogo Ya Ci Caca

Akwai mutanen da idan ka ce musu ina kwana, sai sun leƙa waje sun tabbatar gari ya waye kafin su amsa. Mai agogo yana cikinsu. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin, kowa Ban-Yarda-Ba yake ce masa, har matarsa idan ya ƙure ta.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, wuri ne da idan mutum biyu suka miƙe tare sai ɗaya ya ce gafara. Rabin shagon nasa ne: akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka manta da su, kwalbar ƙananan ƙusoshi, hantsaki, da gilashin nan na ido ɗaya da yake maƙalawa idan zai leƙa cikin agogo. Wajen kawunsa ya koyi sana'ar, a zamanin da magidanci ba ya fita sai da agogo a hannu. Yanzu kowa wayarsa yake dubawa. Aikin da ya rage shi ne canjin batir da sa sabuwar fata, wata rana ma har a rufe shago ba wanda ya tsaya. Da ciniki ne yake fito da shi daga gida, da tuni ya daina fitowa.

Ɗaya rabin shagon na mai makulli ne, kuma shi ne dalilin fitowar. Mutum ne mai kauri, mai nauyin baki, ƙafarsa ta hagu a shanye tun yana yaro, sai ya dafa gwiwa yake tafiya. Zai wuni yana goga makulli bai ce uffan ba. Amma a taɓo ƙwallo a gani! Nan take zai ajiye magagari, ya juyo da kujera, ya kawo maka tarihin wasan da aka buga tun kafin ka yi wayo. Shi kuma mai agogo yana gefe yana jiran ya kai aya ya ce masa, "Ban yarda ba." A haka suka yi furfura tare. Shekarar da mai agogo ya kwanta a asibiti har aka fara fid da rai, mai makulli da ya je dubiya ko sannu bai yi masa ba, zama ya yi a bakin gado ya ce ƙungiyar mai agogo ba za ta ƙara ganin kofi ba. Marar lafiya ya yunƙura ya tashi zaune don ya ƙaryata shi.

Abu ɗaya kowa ya sani game da mai makulli: idan ya faɗi magana, ta zauna. Wani mai burodi ya taɓa yi masa rashin kunya, ya ce ba zai ƙara sayen burodinsa ba. Mai burodin ya rasu, ɗansa ya gaji teburin, har yau mai makulli wucewa yake yi ya je can ƙarshen layi da ƙafar nan tasa.

Duk ƙarshen kakar wasa, idan aka zo zaɓen gwarzon ɗan wasan gasar lig, sai sun sa wani abu. Ba kuɗi ba. Mai agogo ya ce shi ba ya caca, gwajin basira suke yi. Wanda ya faɗi shi zai riƙa sharar shago da ɗaga ƙofar ƙarfe har wata kakar. Kullum mai agogo ne yake faɗi, don ba zaɓe yake yi ba, jira yake mai makulli ya ambaci mutum shi kuma ya kama wani. Sai ya yi shara kwana biyu, a na uku ya ce bayansa ya riƙe. Mai makulli ya ɗauki tsintsiya yana mita, a ci gaba da zama.

Ta bana ce ta zo da gardama. Ranar an ɗauke wuta tun safe, injin yankan makulli a tsaye, zafi kamar a gasa mutum. Mai shayin da ke tsallaken titi ya kawo musu kofi biyu ya tsaya shan inuwa.

"Bana ai ba sai an yi zaɓe ba," in ji mai makulli. "Mai lamba tara ne. Ya ci da kai, ya ci da hagu, ya ci da dama. Me kuma ake nema?"

"Ban yarda ba. Golan nan dogo ne zai ɗauka."

Mai makulli ya yi dariya har da buga cinya. "Gola? Mutumina, yaushe rabon da a ba gola? Kai dai musu kawai ka iya, ƙwallo ba ka san ta ba."

Mai shayi ma ya taya shi dariya, dariyar ce kuwa ta ƙona wa mai agogo rai. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Ni ne ban san ƙwallo ba? Kai da ko ta tsumma ba ka taɓa bugawa ba!"

Mai shayi ya sunkuyar da kai yana goge farantinsa da ba abin da ya zuba a kai. A duk tsawon zamansu ba a taɓa ambaton ƙafar nan ba, ko da wasa. Mai makulli ya dubi abokinsa, ya ajiye kofi a hankali.

"To mu sa," ya ce. "Ba shara ba. Wanda ya faɗi, ba zai ƙara yi wa ɗan'uwansa maganar ƙwallo ba. Har abada."

"Na yarda!" in ji mai agogo, karo na farko da aka ji kalmar a bakinsa. Suka tafa, mai shayi ya zama shaida.

Da farko abin bai dame shi ba. Ya san gola ba ya cin wannan zaɓe. Zai faɗi kamar kullum, ya kama bakinsa kwana biyu, a na uku ya ɓarke da musu, mai makulli ya yi mita ya haƙura. Wa ya taɓa riƙe Ban-Yarda-Ba da alkawari? Lissafin da bai yi ba shi ne ƙwallo ba ta shawara da kowa. Ana saura 'yan wasanni a gama, mai lamba tara ya targaɗe aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata. Da ya dawo, wasan farko ya mari ɗan baya aka ba shi jan kati. Dogon gola kuwa kamar an ɗaure raga a jikinsa. Ya kaɗe fenariti a wannan mako, ya kaɗe wata a mako na gaba, ƙungiyarsa da ba wanda ya sa ta a lissafi ta haye saman tebur.

Wata safiya mai shayi ya tsallako da waya a hannu yana washe baki, don shi yana taɓa cacar waya.

"Kawu, kai fa waliyyi ne! Duba nan, 'yan caca duk sun juya. Da, wanda ya sa a kan gola mahaukaci ake ce masa, yanzu kowa can yake zubawa. Don Allah nan gaba ka riƙa raɗa mini tun da wuri."

Sai a lokacin abin ya fito wa mai agogo fili. Idan shi ya faɗi, wasa ne. Idan mai makulli ya faɗi, an gama, don mutumin da ya ƙaurace wa burodi har bayan ran mai shi ba zai karya wannan ba.

Daga ranar zama ya gagare shi. Ya zauna, ya miƙe, ya fita bakin titi, ya dawo, ya buɗe rediyo, ya kashe. Ya mayar wa wata mata agogonta da hannuwa a juye, sai da ta dawo ta wanke shi tas. Ƙusa ta suɓuce daga hantsaki, ya yi rarrafe a ƙasa yana nema alhali tana maƙale a hannun rigarsa. Idan ana wasan dogon gola, sai ka gan shi ya kasa kunne yana roƙon Allah a zura masa ko guda biyu. Mutum yana addu'a a kan zaɓin kansa! Ga shi kuma idan mai makulli ya juyo, dole ya gyara fuska ya yi fankama, ya ce ai dama ya faɗa.

Musu kuwa sai ya ninka shi, kamar mai tarar ruwa da ya ji za a ɗauke famfo. Tun kafin mai makulli ya gama ɗaga ƙofa zai tare shi da tsohuwar fenaritin da suka daɗe da binnewa. Mai makulli yana biye masa sarai, har ya fi da zafi, wannan ya ƙara tsorata shi.

A gida ya zama abin tausayi. Ya sa hannu a abinci ya cire, ya yi wa yara tsawa ba dalili. Matarsa ta gaji ta tsare shi, ya kwashe labari ya gaya mata.

"Baki shi ke yanka wuya," ta ce. "Malam, ƙafar bawan Allah ka taɓa. Ka je ka ce ya yi haƙuri. Kalma biyu ce, ba za ta shaƙe ka ba."

"Ai shi ya fara."

"Oho dai. Ranar da ya yi shiru, kada ka kawo mini maganar gola gidan nan, ni ban san ta ba."

Ya gwada dabaru kafin ya bi shawararta. Ya ce wa mai makulli a koma kan shara, har ya ƙara da cewa wannan karon zai yi ta tsakani da Allah. Mai makulli ya ce a'a. Ya ce to su yi musaya, shi ya karɓi mai lamba tara, tunda ya lura yaron yana da ƙoƙari. Mai makulli ya dube shi ta saman tabarau.

"Tausayina kake ji?"

"Wane irin tausayi? Adalci nake nema."

"Riƙe golanka."

Ya tsallaka wajen mai shayi ya ce ko zai iya cewa bai ji sharaɗin da kyau ba. Mai shayi ya ce shi dai a bar shi da tukunyarsa, ba ya shiga tsakanin manya.

Ranar da za a faɗi sakamako, da la'asar, rediyon yana kan akwatin gilashi, masu sharhi suna ta jan rai. Mai agogo ya maƙala gilashin ido ya cire, ya sake maƙalawa, ba agogo a gabansa. Can dai ya juya.

"Mutumina. Maganar da na yi ranar nan, ta ƙafa. Ban kyauta ba. Ka yi haƙuri."

Mai makulli ya dakata da goge makulli. Fuskarsa ta yi laushi.

"Ai tun a ranar na haƙura," ya ce. "Gaskiya ka faɗa, ban taɓa bugawa ba. A bayan raga nake zama ina tsaron takalman yara."

"To a bar zancen nan mana, tun kafin su faɗa."

"Wannan daban. Magana ta riga ta fita, a gaban shaida."

Aka faɗi sunan dogon gola. Daga tsallake mai shayi ya kurma ihu yana kaɗa ludayi a jikin tukunya, 'yan layi suka leƙo suna yi wa Ban-Yarda-Ba kirari, yau dai ya ci. Mai makulli ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ba shi hannu.

"Barka. Ka fi ni sanin ƙwallo."

Ya koma ya kunna injinsa.

Ba gaba suka yi ba, da ma gaba ce da ta fi sauƙi. Kullum da safe mai makulli zai gaishe shi, ya tambayi iyali, ya ara masa canji, ya tsare masa shago idan ya fita. Mai agogo ya gwada jawo musu a kan tsadar kaya, mai makulli ya ce haka ne. Ya gwada a kan ruwan sama, ya ce Allah ya kyauta. Ashe duk shekarun nan hanya ɗaya ce tsakaninsu, ita ce kuwa ya ci a caca. Ranar da abin ya ishe shi ya ɗaga murya ya ce mai lamba tara bai taɓa iya ƙwallo ba, sa'a ce kawai. Ya ga wuyan mai makulli ya motsa, ya ga ya haɗiye amsar, ya ɗauki wani makulli ya ɗaura a inji.

Sabuwar kaka ta kama. Washegarin wasan farko, da hantsi, mai makulli ya kaɗe garin ƙarfe daga rigarsa ya ce, "Duba mini shago, ina zuwa." Ya tsallaka titi a hankali, motoci suna kauce masa, ya zauna a bencin mai shayi cikin direbobi. Ba a jima ba mai agogo ya hango hannuwansa sun tashi sama, yana zana fili a iska, yana nuna inda ɗan baya ya kamata ya tsaya. Direbobin sai gyaɗa kai suke yi, ko mutum ɗaya bai musa masa ba. Mai agogo ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa, yana ganin bakin abokinsa yana motsi, ƙarar motoci ta hana shi jin ko kalma ɗaya. Ya san dai ba daidai yake faɗa ba.